Tumatirin Bazara

Duk mai ba da kuɗin cefane a ƙasar nan bai manta da daminar 2024 ba. A shekarar ne tumatir ya fita daga sahun kayan miya ya shiga sahun kayan marmari. Mai kayan gwari zai jera 'yan ƙwayoyi a faranti, ƙanana, wasu har sun fara zubar da ruwa, ya faɗi kuɗinsu yana kallon wani wuri, don ya san ko ka yi tsaki ka tafi sai ka dawo. A Legas har labari ya bazu cewa mata sun koma markaɗa karas da kokwamba suna miya. Mu a Sandamu abin bai kai mu can ba, albarkacin kuka da busasshiyar kuɓewa. Amma dai jar miya ta yi ƙaura daga gidana ba ko sallama.

Wata safiya na ajiye kuɗin cefane, uwargida ta juya su, ta sake juyawa, ta ce, "Malam, waɗannan na gishiri ne ko na daddawa?"

Nan take zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Daga bana an daina sayen tumatir a gidan nan. Noma shi zan yi, a nan bayan ɗaki. Har maƙwabta sai sun samu."

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a." Zaman da muka yi da ita ya isa in gane cewa addu'ar nan iyakarta baki.

Kada mai karatu ya ɗauka haka kawai na faɗa harkar ba shiri. Ni ɗan manomi ne, jikan manomi. Mahaifina ya noma gero da dawa da wake da gyaɗa har ƙarfinsa ya ƙare. Na kuma ci darasin aikin gona a jarrabawar gama sakandare, ina da takardar shaida a akwati. Ga gwamnatoci a bayana jere: tun 1976 Janar Obasanjo ya fito da shirinsa na ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya noma ko da bayan ɗakinsa ne, ɗan ƙasarmu, marigayi Muhammadu Buhari, ya shekara takwas yana nanata mana mu noma abin da za mu ci, a 2024 ɗin ma uwargidan shugaban ƙasa tana ta kira ga mata kowane gida ya yi lambu, har da gasa. Tunda tawa matar ta ƙi amsa kiran, sai na amsa a madadinta.

Filin yana nan bayan ɗakina, inda ake zuba toka da shara tun zamanin kakata. Katangarsa ta gabas ta zube rabi a wata damina, aka toshe gurbin da kara da wani tsohon langalanga. Na duba wurin na ga ba shi da wata matsala. Ina roƙon mai karatu ya riƙe maganar katangar nan, za a neme ta a gaba.

Don ladabi kawai, ba don ina bukatar shawara ba, da damina ta ja baya na hau babur na je gai da wani abokin mahaifina da ke noman rani a wajen dam ɗin Daberam. Na same shi durƙushe a wurin raino. Ya gyara ƙasar ta yi laushi, ya cuɗa irin tumatir da yashi yana barbaɗawa a hankali, sannan ya yayyafa ƙasa sama-sama, ya shimfiɗa busasshiyar ciyawa. Ko ruwa ba ya kwarawa, ta cikin wani gwangwani da ya hudahuda da ƙusa yake bayarwa. Ya ce a Oktoba ake raino, bayan mako huɗu a cire a yi dashe a fangali, da yamma, idan rana ta yi sanyi. Ya ce tumatir ɗan hunturu ne, sanyin dare yake so, daga Janairu zuwa Maris a yi ta tsinka.

Na bar shi ya gama, sannan na yi masa bayani irin na masu ilimi. Na ce, "Baba, abin da yake cutar ku ke nan. Duk ku shuka rana ɗaya, ku tsinka rana ɗaya, a Fabrairu kwando ya faɗi warwas. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya ta Kadawa da Kwanar Gafan ya ga yadda ake yanka shi ana shanyawa a gefen titi don ba mai saye. Ni ba haka zan yi ba. Sai Mayu da Yuni zan tsinki nawa, lokacin da yake tsada."

Tsohon ya ɗago, ya kalle ni, ya kalli takalmina sau-ciki, ya ce, "Ɗan nan, da yana yi a lokacin, ai da ba ya tsada."

Na ɗauki wannan a matsayin kishi irin na 'yan sana'a, na yi masa sallama. Ai ina da wani malamin da ya fi shi kayan aiki: wani Bature a Ingila da nake kallo a waya, mai hular kaba da safar hannu. Shi a watan Maris yake shuka, kuma tumatirinsa sai an tokare shi da sanda saboda nauyin 'ya'ya.

Saboda haka na bar hunturu ya wuce ina kallo. Sai da sanyi ya fara sassauci na shiga Daura na sayo iri cikin fakiti masu hoto, tumatir da tattasai da latas da karas. Na sayi buhun takin awaki na baza. Sannan na ɗauko sungumin mahaifina na yi shuka yadda na gada: sara, jefa iri, take da diddige. Ramin kuwa na zurfafa shi sosai, don kada tsuntsu ya tone. Daga baya aka ce mini wai irin tumatir bai son ƙasar da ta wuce kaurin farce ko ɗan abin da ya fi haka a kansa. Ni dai ban ga an rubuta hakan da manyan baƙaƙe a jikin fakitin ba.

Ba a daɗe ba sai ga tsiro, kore shar, layi-layi da wajen layi ma. Ganyen bibbiyu a jere, masu kyau, masu ƙarfi. Abin da ya fi burge ni, da magariba ta yi sai ganyen su rufe, da safe su buɗe. Na kira uwargida na nuna mata, na ce ta ga bambancin ingantaccen iri da na gargajiya, wannan har barci yake yi. Na ɗauki hoto na sa a WhatsApp, abokan aiki suka yi ta turo fatan alheri, wani har ya ce in ajiye masa kwando biyu. Safe da yamma ina ban ruwa, ina cire duk wata ciyawa da ta matso kusa.

Ranar da Hajiya mahaifiyata ta zo ganin jikoki, na ja ta har bayan ɗaki. Ni ɗan fari ne, ba ta kama sunana. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai wannan, wa ya ce maka ana yi wa tafasa ban ruwa?"

Na ce, "Hajiya, tumatir ne. Na waje."

Ta ce, "To wannan na wajen, tun kafin a haife ka nake kwaɗonsa."

Ashe awakin da suka ba da takin sun ci tafasa da damina, irin ya biyo kashinsu ya zauna yana jiran mai tausayi. Hajiya ta sa aka kawo mata ƙwarya, ta tsinke lambun tas, ta dafa, ta daka ƙuli-ƙuli da yaji ta kwaɗanta. Gaskiya ya yi daɗi. Kuma in za a bi ta ma'auni, wannan shi ne amfani mafi yawa da lambun ya taɓa bayarwa. Har gobe ina ganin mai sayar da taki ya kamata ya riƙa faɗin abin da awakinsa suka ci.

Na sake sabon lale. Wannan karon a tsohon bahon wanka na yi raino, ba wai don Baba ya faɗa ba, ni ma dama tunanin ya zo mini. Tumatir na gaskiya ya tsiro, siriri, da 'yan ganye biyu dogaye da gashi-gashi a jikin karan, in ka murza ka ji ƙanshin nan da ba ya ɓuya. Na yi dashe. Washegari da na leƙa, rabin dashen babu kai, sai kara tsaye.

Wanda bai taɓa yin lambu ba yana ganin ƙadangare bawan Allah ne mai cin kiyashi. Ni ma da haka nake gani. Da rani, lokacin da babu wani kore a gari, ɗanyen tsiro shi ne nama, shi ne ruwan shansa. Na laɓe a bayan randa na gani da idona. Wani jan-gwada, ƙato, mai guntun wutsiya, ya sauko daga katanga a natse, ya tsaya gaban dashen, ya gyaɗa kai sau da yawa yana duba wanda ya fi kyau, ya cafke, ya haɗiye, ya sake gyaɗa kai. Ya koma sama, sai ga matansa sun sauko su ma. Na jefe shi da takalmi, takalmin ya tsallaka gidan maƙwabci, shi kuwa ya matsa taki ɗaya ya ci gaba da gyaɗa mini kai. Na kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigata, kafin azahar na tarar da shi a kan kafaɗar rigar yana shan hantsi. Na ba yara danƙo na sa musu lada a kan kowane ƙadangare, suka fasa mini gilashin taga.

Gidan sauro ne ya raba mu. Na san ma'aikatan lafiya suna cewa don kwana ake raba shi, ba don lambu ko kamun kifi ba, kuma ina goyon bayansu. Amma da na duba na ga sauro bai fara ba tukuna, ƙadangare kuwa ya fara. Na kwance na ɗakin yara na kafa a kan fangali. Da uwargida ta dawo daga unguwa ta ga tumatir a cikin gidan sauro, 'ya'yanta a waje, ba ta ce komai ba, sai ta shiga ɗakina ta kwance nawa ta ɗaura musu.

Duk wannan wasa ne a kan maganar ruwa. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi ne zalla. Gero da gyaɗa da riɗi sun san zaman da za su yi da ita a 'yan watannin damina, amma kai mai bokiti, kafin ka juya ka ajiye shi ruwan ya shige, wurin ya bushe, ya bar ka da tambayar ko ka zuba ko mafarki ka yi. Gidana babu famfo, babu rijiya, da 'yan garuwa muka dogara, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 masu burtsatse da ke tayar da janareta suka ƙara kuɗi, jarka mai lita 25 ta daina zama abin wasa. Mai garuwarmu da can sau ɗaya yake leƙo mu da safe, fuska a murtuke. Da lambu ya kankama sai ya koma safe da yamma, yana murmushi tun daga zaure, ya fara kira na Alhaji, ni da ko ƙofar filin jirgi ban taɓa shiga ba. Yakan leƙa bayan ɗaki ya ce, "Alhaji, yau kamar suna jin ƙishi fa." Kafin Sallah ya sayi kura ta biyu ya ba ƙanensa. Idan akwai wanda lambuna ya fitar daga talauci, to shi ne.

Da uwargida ta ga kuɗin ruwa ya haura na tumatirin da aka ce za a daina saye, sai ta kafa doka: ruwan saye na sha ne da girki da wanka, lambu ya jira ragowa. Mutanen Daura na da, da macijin rijiyar Kusugu ya hana su ɗiba sai ranar Juma'a, sun samu Bayajidda ya zo ya cece su. Tumatirina bai samu Bayajidda ba, don macijin nasa ni ma tsoronsa nake ji. Sai na koma dabara. Na ɗauke buta da 'yar kujera na kai bakin fangali, na ce daga yau duk mai alwala a gidan nan a kan tumatir zai yi. Yara suka bi layi. Baƙo in ya zo ya nemi buta, sai in zagaya da shi bayan ɗaki in nuna masa tushen da ya fi yaushi. Wani surukina, dattijo, ya yi alwalarsa shiru, har na roƙe shi ya ƙara wanke ƙafa a kan wani tushen, ya wanke. Da zai tafi ya ja 'yarsa gefe ya tambaye ta ko akwai abin da ke damuna a wurin aiki.

A haka azumin 2025 ya same mu, a cikin Maris. Wanda bai tsaya da la'asar, maƙogwaro a bushe, yana tuttula wa rairayi ruwa mai sanyi yana jin yadda yake zuƙewa ba, bai gama sanin ladan azumi ba. Latas ɗin da na yi wa iyali alkawarin haɗin buɗe-baki da shi, zafi na bugunsa ya miƙe sama ya yi tsiri ya fitar da fure, ganyen ya yi ɗacin da ko zomo sai ya yi shawara. Karas kuwa, da yake na yi masa dashe shi ma don adalci, sai ya fito da yatsu, wani uku, wani huɗu, yara suka ƙi ci suka ce na aljanu ne.

Na duba na ga tumatir bai saurin da nake so, sai na nemi ƙarin taki. Wani abokin aikina mai kiwon kaji ya ba ni kashinsu, sabo, da ɗuminsa. Na tula a gindin kowane tushe. Kwana kaɗan ganye suka ƙone daga baki, rabi suka kwanta ba su ƙara tashi ba. An ce wai kashin kaji sai ya yi watanni a juji ya ruɓe ya huce kafin a kai shi kusa da shuka. Ni zargina a kan kajin yake, na gidan gona ne, Allah kaɗai ya san abin da ake ba su. Waɗanda suka tsira na bi su da yuriya. Na taɓa ganin Baba yana aunawa da murfin kwalba yana binnewa nesa da tushe, na ce wannan rowa ce, na riƙa zubawa da tafin hannu. Wasu suka bi 'yan'uwansu. Amma 'yan tsirarun da suka jure, sai ga su sun yi wani irin tashi, ganye kore har yana baƙi-baƙi, sun cika gidan sauron sun tokare shi. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Na koma tafiya a unguwa hannu a baya.

A Afrilu fure ya fito, rawaya, gungu-gungu. Na fara lissafin kwanduna. Kullum da safe kuma sai in tarar da furen a ƙasa, ya karye daga 'yar gaɓar da ke wuyansa ya faɗo, ba ɗa ba alamarsa. Na fara zargin baki, don akwai wani maƙwabci da ya ce "kai, wannan lambu!" bai ce masha Allah ba. Na rataya tsohon takalmi a sanda. Fure ya ci gaba da zuba.

Wani abokin karatuna malamin gona ne, na kira shi ya zo. Ya zagaya, ya murza ganye, ya tambayi ranar dashe, ya yi dariya har da riƙe katanga. Ya ce idan zafin rana ya haura digiri 35, dare ma bai huce ba, garin furen tumatir mutuwa yake yi, furen ya zube bai ƙulla ba, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40. Ya ce yuriya kashi 46 cikin 100 naitirojin ce, ganye take sawa, mai son 'ya'ya kamfa yake nema, ita ma da awo. Ya ce da damina kuma ruwa da cututtuka ke kashe shi, shi ya sa daga Mayu har kaka yake tsada kowace shekara. Na nuna masa Baturena. Ya ce a Ingila watan Maris mutane na cikin rigar sanyi, kuma ɗakin da nake gani a bayan mutumin na gilashi ne, don ya tara wa shukar ɗumi. Wato shi ɗumi yake nema, ni kuwa ina da na sayarwa. To, ina laifina a nan? Mutum zai koyar da duniya noma, ai sai ya fara da faɗin inda yake tsaye.

Kafin ya tafi ya juya wani ganye ya nuna mini wasu fararen zane a ciki, ya ɗaga shi a rana, sai ga 'yar tsutsa tana motsi tsakanin fatar ganyen ta sama da ta ƙasa. Ya ce, "Ga Sharon ma ya iso." Wannan shi ne ƙwaron da masana ke kira Tuta absoluta. Asalinsa Kudancin Amurka, ya ɓulla a Sifen a 2006, ya bi ƙasashe har ya iso mu, a 2016 ya share gonakin tumatir a Kano da Jigawa da Katsina da Kaduna, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Uwar wata 'yar mitsitsiyar malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, da dare take yawo tana saka ƙwai, tsutsar kuma ta shige cikin ganye inda feshi ba ya saurin kai mata. Ban ɓoye muku ba, na ɗan ji alfahari. Ƙwaron da ya tsallako teku, ya san Kadawa, ya san manyan gonaki, shi ne ya nemo bayan ɗakina a Sandamu. Ko ba komai shi ya yarda lambu ne.

Abokina ya ce in gwada 'ya'yan bedi: a daka, a jiƙa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa da yamma. Bedi kuwa ba abin da muka fi shi, kowane titi akwai. Na sa yara suka tsinto. Ranar uwargida ta tafi suna, ga turmi a tsakar gida ba mai amfani da shi, ga taɓarya a jingine. Na daka, na tace da rariyarta, na yayyafa da tsintsiya, na ɗauraye komai na mayar inda yake. Ban san turmi yana da riƙo ba. Washegari aka yi fura. Hajiya ce ta fara kurɓa. Ta furzar, ta yi salati, ta ce a kira mata wanda ya yi wa jikokinta sammu. Ƙaramin ɗana, wanda na saya wa alewa don ya yi shiru, ya cire alewar daga baki ya nuna ni da ita. Ranar Lahadi na tafi kasuwar Mai'adua na sayo sabon turmi na ɗauro a bayan babur, duk wanda na gamu da shi a hanya sai ya tambaye ni ko aure zan ƙara.

Duk da haka Allah bai bar ni haka ba. Akwai wasu tushe a jikin katangar yamma da inuwa ke rufewa tun azahar. Su suka ƙulla. 'Ya'ya ƙanana, kore, masu sheƙi. Nakan je in tsuguna in duba su kafin in tafi aiki, in na dawo kuma kafin in cire hula. Ɗaya har ya fara sauya launi daga ƙasa.

Ranar wata Juma'a a ƙarshen Mayu muka tafi masallaci, mata suna ɗaki saboda rana. Da na dawo na zagaya bayan ɗaki, sai na tarar langalangan nan a kwance, karan a baje. A tsakiyar lambu ga wata jar akuya da 'ya'yanta biyu. Ta yaga gidan sauro ta shiga, ta gama da na ƙasa, ta ɗora ƙafafun gaba a kan sandar da na tokare tushen da ya fi kowanne, tana cin na sama. Ta juyo ta kalle ni, reshe a bakinta, tumatirin nan da ya fara ja yana lilo a ƙarshensa, ta ci gaba da taunawa a hankali har ya shige. Ko gudu ba ta yi ba.

Na kama ta na ɗaure a turke, na sa babbar riga, na tafi wurin mai unguwa na kai ƙara. Aka aika a kira mai akuya. Sai ga Gwaggo, tsohuwar da ke bayan layinmu, tana dogara sanda, tun daga nesa ana jin muryarta.

Na faɗi na yi gaisuwa, na zayyana ɓarna tun daga kuɗin iri har zuwa turmi. Mai unguwa ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Malam, an yi shuka?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba a yi ba, ruwa bai sauka ba."

"Ka ji an yi shelar a ɗaure dabbobi?"

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

"Lambun naka yana da danga?"

Na ce akwai langalanga.

Ya gyara zama ya ce abin da kowa a wurin ya sani, har yaran da suka taru a bakin zaure. Daga ranar da aka yi shuka aka yi shela, har a kai amfanin gona gida, dabba a ɗaure take ko a hannun makiyayi, wadda ta yi ɓarna mai ita ya biya. Da an kawar da amfani an saki dabbobi, gari nasu ne, mai ɗanyen ganye da rani shi zai killace abinsa. Ya ce in je Sabke ko Daberam in gani, kafin mai lambu ya sayi iri sai ya fara saran ƙaya.

Na buɗe baki zan kawo hujja, Gwaggo ta riga ni. Ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ni ma ina da ƙara. Yaron nan da kake gani, ni na dafa wa uwarsa ruwan wankan jego. Yau shi ne ya ɗaure mini akuya a rana, mai shayarwa, ba ruwa ba harawa. Kuma unguwa duk ta san abin da yake zuba wa ganyen nan, tunda har uwarsa ya kusa kashewa da fura. In cikinta ya ɓaci, wa zai biya ni?"

Aka yanke hukunci nan take. In kwance akuya in kai ta gida da kaina. In saya mata tiyar dusa da kanwa saboda wahalar da ta sha. In kuma gyara katangata, don kada dabbar wani ta sake shiga ta ci abin da zai cutar da ita. Na ja akuya muka ratsa unguwa, 'ya'yanta na biye, yara na biye da su, ita tana tafe tana tuƙa, kuma na san abin da take tuƙawa.

'Yan ƙwayoyin da ta kakkaɓo ƙasa ba ta gani ba, uwargida ta tsince ta sa a kwano ta rufe, suka nuna a can, ko tafin hannu ba su cika ba. Ranar da ta jefa su a miya ta tara yara ta ce, "Yau ku ci da ladabi, akwai tumatirin babanku a ciki." Babbar 'yata ta juya cokali ta ce, "Umma, ta wane gefe?"

Miyar kuwa ja ce sosai, har na fara murna. Sai daga baya na gano dalili. Ashe tun a Fabrairu, lokacin da kwando ya faɗi, ina can ina yi wa tafasa hidima, uwargida ta ɗauki kuɗin adashinta ta sayi tumatir ta yanka ta shanya a kan rufin ɗaki, ta ɗura kauɗa a buhu ta ɓoye a ƙarƙashin gado. Da ita muka ci miya har damina ta fita. Na zauna na yi lissafin abin da na kashe, iri da taki da ruwa da gilashin taga da gidan sauro da turmi da dusa da kuɗin magini, na ga da kauɗa na saya da sai mun yi sadaka da wata. Na yaga takardar don kada ta faɗa hannun da bai dace ba. Tun daga lokacin dai idan mai kayan gwari ya faɗi kuɗi a watan Yuni, nakan yi ciniki, amma na daina ce masa ya ji tsoron Allah.

Ina amfani da wannan dama in yi kira ga masu unguwanni da dagatai na masarautar Daura baki ɗaya, daga Daura da Sandamu har Mai'adua da Zango da Baure, da su sake duba wannan doka da ta ba akuya wata bakwai ko takwas tana mulkin gari, mai lambu kuwa ko ɗaukaka ƙara ba shi da inda zai kai. Akuyar Gwaggo tana nan lafiya lau, ta sake haihuwa, kullum sai ta bi ta ƙofar gidana ta tsaya tana duban sabuwar katanga. Wanda kuma yake da ƙayar magarya ta sayarwa, cikin amalanke guda, ya neme ni kafin Oktoba.